Faifai a Kan Rufi ko Akwati a Bakin Taga?

Tsanin yana jingine a bangon zaure tun ƙarfe tara, amma har goma ta gota ba a hau ba. Yaron da ya zo ɗora rediyon intanet, wanda kowa a gidan ya riga ya raɗa wa Injiniya, yana tsugune yana warware naɗin waya, ana jiran ɗan aiken da aka tura gidajen maƙwabta ya dawo. Saƙon ɗaya ne: a gaya wa mata za a hau sama. A Fagge duk wanda ya taka rufin gida ɗaya ya leƙa tsakar gida huɗu, ko bai yi niyya ba, don haka ba a hawa sai an yi sallama. Kawuna, mai gidan, ya gaji da jira ya gyara zama a kan buzunsa.

"Malam Injiniya, wai duk wannan ɗawainiyar ta mece ce? Yaron nan nawa akwati ya sayo a Titin Beirut, ya zura masa sim, ya jona a soket, shi ke nan. Ko tsani bai nema ba."

"Haka ne, Baba Alhaji. Da yaushe ya fi yi muku aiki?"

"Da asuba kamar ruwa. Da rana kuwa sai addu'a."

"To, ranar ce ta kawo ni."

Na zauna da abubuwan nan biyu. Akwai faifan rediyo a kan rufin kawuna a Fagge, an taɓa ɗora mini wani a saman benen da nake haya a Sabon Gari, kuma har gobe akwai akwatin sim a jakata. Abin da na fahimta shi ne, kyan akwatin sim yana hannun sa'a, kyan rediyo kuwa yana hannun wanda ya ɗora shi. Wanda bai san wannan ba zai sayi ɗaya ya yi ta zagin ɗayan a banza.

Akwatin sim ɗan gidan wayar salula ne. Tun da GSM ta shigo Nijeriya a watan Agustan 2001 muka saba da cewa sabis a iska yake, kowa ya miƙa hannu ya ɗiba. Rawuta mai sim, ko ƙanwarta ta aljihu da ake kira mayifai, waya ce da ba a kira da ita: tana kama sabis daga ƙarfen kamfani mafi kusa ta raba wa wayoyi da kwamfutocin cikin ɗaki. Alherinta ba ɓoyayye ba ne. Ba huda bango, ba neman izinin mai gida, ba jiran kowa. In ka tashi daga haya sai ka cire ta ka sa a leda. In wannan layi ya ƙi, wata rawutar ma tana karɓar sim ɗin wani kamfanin. Ga ɗan haya a Sabon Gari da bai san ko zai ga baɗi a ɗakin da yake ba, wannan babbar magana ce.

Aibinta kuwa ya fi fitowa a unguwannin nan namu. Dubi inda Fagge take: ga Kantin Kwari, ga Singa, ga Wapa, ga kasuwar Sabon Gari. Daga hantsi zuwa la'asar sakaliya duniya ce ke zubowa nan, kowa da waya ɗaya ko biyu, masu POS a kowace kwana, yaran shago suna tura wa kwastomomi bidiyon atamfa da shadda. Duk waɗannan a kan 'yan ƙarafan sabis ɗin da ke kewaye suke. Abin da ƙarfe zai iya bayarwa a lokaci guda yana da iyaka, kuma rabawa ake yi. Shi ya sa za ka ga sandunan sabis sun cika taf a fuskar akwati amma shafi ya ƙi buɗewa. Sandunan nan ƙarfin muryar ƙarfen suke aunawa, ba su san tsawon layin da ke gabanka ba. Kamar famfon unguwa ne: yana zuba da ƙarfi, sai dai jarka hamsin ce a gaban taka. Da asuba, kasuwa ba ta ci ba, famfon naka ne kai kaɗai.

Sannan ga bango. Ginin ƙasa mai kauri irin na tsofaffin gidajen Fagge yana shan sabis yadda yake shan zafin rana, rufin kwano kuma yana korarsa. A Sabon Gari kankare da rodi ne ke wannan aikin. 5G da MTN ta buɗe a 2022, Kano na cikin biranen farko, Airtel ta biyo baya a 2023, tana da gudu ƙwarai in ka dace, amma zangon da take tafiya a kai ya fi na da rauni wajen ratsa gini. Dabarar mai akwati ke nan guda ɗaya tak: ya zagaya da shi taga-taga yana gwadawa, ya ajiye shi a sama inda ya fi kamawa, a inuwa, domin ranar Afrilu in ta doke shi ta gilashi sai ya yi zafi ya riƙa tsayawa. Mai mayifai kuma ya daina barin ta a caji dare da rana, batirin kumbura yake. Bayan wannan babu sauran abin da ke hannunka. Data kuma ƙirga ta ake yi, kuma tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin sadarwa a watan Janairun 2025, gidan da ke da samari uku ya san abin da ake ciki.

Rediyo wani jinsi ne daban. Ɗan faifai ne ko ɗan allo fari, yawanci ƙirar Ubiquiti ta Amurka ko MikroTik ta ƙasar Latbiya, da ake ɗaurawa a sama a saita shi ya fuskanci eriyar kamfanin da ke sayar da intanet ɗin, wadda ke kan wani dogon ƙarfe ko saman wani bene. Ba ya sauraron kowane gefe kamar akwati. Ido ɗaya gare shi, wuri ɗaya yake kallo. Daga nan waya ta sauko cikin gida zuwa rawuta. 'Yan kasuwa ba sa cikin layinsa, abokan rabonsa su ne sauran gidaje da ofisoshin da ke kan eriya ɗaya da shi, kuma galibi kuɗin wata ake biya a kan gudu, ba a kan yawan abin da aka sha ba.

Duk rayuwarsa a kan gani take. In faifai bai hango eriyar can ba, magana ta ƙare. Shi ya sa mai aikin kirki ba ya zuwa ranar farko da injin huda bango. Zuwa yake ya hau, ya kunna rediyon da ɗan batiri, ya riƙe shi a hannu ya juya, ya ga abin da zai samu a nan da can, sannan a yi maganar kuɗi. Wanda ya karɓi kuɗinka kafin ya taka rufinka, caca ya yi da kuɗinka.

Ganin ma ba irin na ido ba ne. Saƙon rediyo ba ya tafiya a siririn zare. Yana kumbura a tsakiya ya tsuke a baki biyu, kamar ƙwallon dabino, abin da masana ke kira da sunan Firenel, wani Bafaranshe masanin haske na ƙarni na 19. A zangon 5 GHz da yawancin rediyoyin nan ke aiki a kai, in tsakaninka da eriya kilomita 1 ce, kumburin a tsakiyar hanya ya ɗan haura mita 3 da rabi ta kowane gefe, kuma ana son aƙalla kashi 60 cikin ɗari nasa ya zama fili, wato sama da mita 2. In kilomita 2 ce, filin da ake so ya kai mita 3. Ma'ana, kana iya hango eriyar sarai ta saman tankin ruwan maƙwabci, kai kana ganin ka tsira, alhali tankin ya cinye rabin hanyar. Ruwa babban abokin gabar wannan saƙo ne, ko a tanki yake ko a ganye. Wanda aka ɗora wa rediyo a watan Maris ta tsakanin rassan bishiya, ya jira Agusta ya ga yadda ganye zai rufe shi. Darbejiya da mangwaro ba sa tsayawa inda ka bar su bara.

A nan ne unguwannin biyu suka rabu. Fagge tsohon zangon fatake ne a bayan ganuwa, inda ayarin raƙuma ke sauka, kuma har yanzu cikinta lunguna ne da gidaje na ƙasa-ƙasa manne da juna, yayin da bakin titi ya cika da dogayen filazoji da ɗakunan ajiyar kaya. Gidan da ke ciki kamar yana cikin rijiya ne. Matsalar mai ɗora rediyo a nan tsayi ce: yadda zai ɗaga faifai ya haye benayen bakin titi, da kuma abin da zai kafa bututun a kai. Sabon Gari kuwa, da Turawa suka yanka wajen 1913 bayan isowar jirgin ƙasa, titunanta a miƙe suke kamar an ja da zare, benayenta hawa biyu, uku, huɗu. Tsayi kyauta ne. Hau saman kowane bene a Titin Faransa ko Titin Ibo ka ga rabin gari. Abin da ke cin mutum a can daban ne: hayaniyar iska, da mai gida, da wayoyi.

A gidan kawuna, da aka ba da izini Injiniya ya hau, abin da ya fara yi ya ba ni mamaki. Bai taɓa rediyon ba. Bango ya riƙa ƙwanƙwasawa da ƙotar sukundireba yana sauraro. Gaban gidan an yi masa shafen siminti ya yi kyau, amma ƙasa ce a ciki, kuma kusa ba ta riƙe ƙasa. Za ta kama yau, iskar farkon damina ta jijjiga bututu sau uku, ramin ya buɗe, ruwa ya samu hanya, sai ka wayi gari ka yi asarar intanet da bango gaba ɗaya. Ya wuce zanko, ya wuce rufin kwano, wanda ya ce ko kyauta ba ya hudawa, domin duk ɗigon da ya biyo baya har shekara goma sunansa za a kira. Daga ƙarshe ya tsaya a kan ginin bulo na banɗaki da aka yi daga baya, mai ɗauke da ƙarfen tanki. Nan ya kafa. Ya sa mai walda ya yi masa maɗauri biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da tazara mai kyau a tsakaninsu, ya zura noti ya ratsa bulon ya ɗaure ta baya. Bututun mai kauri ne wanda ba ya tsatsa, ba irin na labule ba. Da yake ya tashi sosai sama da maɗaurin, sai ya ja masa wayoyin ɗauri uku ta kusurwa uku. Ya ɗora ma'aunin magina ya tabbatar ya miƙe cak. Ya kuma ɗaga faifan ya yi nesa da kwanon rufi, saboda kwano madubi ne ga saƙon rediyo, yana dawo da shi ya rikita na ainihi.

Kawu ya ce aikin ya yi yawa a kan abin da bai kai faifan tuwo nauyi ba. Injiniya ya ce ba nauyin ake tsoro ba, iska ake tsoro. Gaskiyarsa. Duk wanda ya ga guguwar da ke share fagen ruwan farko a Kano ya san tana ɗaga kwano ta kai shi layi na uku. Faifai kuwa ko faɗuwa bai yi ba, in ya goce da ɗan yatsa biyu ya bar eriyarsa.

Saitin shi ne inda ake gane gwani. Rediyo yana nuna ƙarfin abin da yake kamawa da lamba mai alamar ragi a gaba, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kyau: -58 ta fi -68, kuma ba da kaɗan ba, ninki goma ne. Kowane taki 3 rabin ƙarfi ne ya tafi. Tsakanin -50 da -65 ana cikin alheri, in ta doshi -75 an fara roƙo. Na tsaya a ƙasa riƙe da wayarsa ina karanto masa lambar, shi yana juya faifan a hankali kamar mai neman tashar BBC a tsohuwar rediyo. Ya samu -66, na ce masa ai ta yi. Ya ce in bari. Ya wuce wurin, lambar ta lalace, ya ci gaba, sai ga -59. Ashe na farkon gefen ido ne, faifai yana da 'yan wuraren da yake kamawa kaɗan-kaɗan a gefe, malalacin ma'aikaci nan yake tsayawa ya ɗaure. Ya gama hagu da dama, ya koma sama da ƙasa. Da ya zo ɗaure notina ma sai ya sa na ci gaba da karantowa, wai ɗaurin kansa yana jan faifai ya karkace.

Wani abu da mutane ba su sani ba: mummunan saiti ba mai gidan kaɗai yake cuta ba. Eriyar kamfani bi da bi take magana da gidajen da ke kanta. Gidan da saƙonsa ke da rauni yana daɗewa kafin ya gama nasa, ana ta maimaita masa, sauran suna jira. Faifai ɗaya da aka ɗaura da ganganci a Fagge yana iya rage wa wani ofishi gudu a Titin Murtala Muhammad.

Nawa na Sabon Gari labarinsa daban. Wanda ya ɗora mini, daga wani kamfani da ba zan ambata ba, cikin minti arba'in ya gama, har ina yaba masa zafin nama. Lambar ma ba ta da laifi, domin daga hawa na uku eriyar tasu kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Amma abin ya riƙa yankewa. Dalili na farko hayaniya ce. Saman benayen Sabon Gari daji ne na faifaya: na bankuna, na otal-otal, na shagunan buga takardu, na masu kyamarar tsaro, kowa yana ihu a zango ɗaya. A irin wannan wuri ƙarfin saƙo kaɗai ba ya wadatarwa, sai an duba yadda ya ɗara hayaniyar da ke kewaye da shi. Ana rage ta da faifai mai zurfi wanda idonsa ya fi tsukewa, da kafa shi a jikin bango ta yadda ginin zai kare masa baya, maimakon tsakar rufi inda yake jin kowa. Nawa ɗan allo ne mai faɗin ido, an tsayar da shi tsirara a ƙololuwa, dab da na maƙwabci.

Dalili na biyu waya ce, kuma in za a ƙirga rediyoyin da aka ce sun mutu a Kano, ina kyautata zaton mafi yawansu lafiyarsu ƙalau, wayarsu ce ta kashe su. Waya ɗaya ce ke kai wa rediyo wuta ta kuma sauko da intanet, silli takwas ne a cikinta. Ta kirki jan ƙarfe ce zalla. Ta araha kuwa alminiyon ce aka shafa wa jan ƙarfe a baya, ka kankare ta da reza sai ka ga fari, ka kanga mata ashana sai ta lanƙwashe ta yi laushi. Irin wannan tana shanye wutar a hanya, rediyo ya riƙa mutuwa yana tashi, musamman in tafiyar da nisa. Ita aka sa mini. Kuma ta cikin ɗaki ce, mai farar riga, aka shimfiɗa ta a rana. Kafin damina ta biyu rigar ta tsattsage, ruwa ya shiga ya bi cikinta kamar indararo ya sauko har teburina. Araha ba ta ado.

Ta waje baƙa ce mai taurin riga. Ba a wuce mita 100 da ita. Ba a ɗaure ta a jikin wayar wuta ko ta janareta, abin da ke da wuyar kiyayewa a Sabon Gari, inda bayan kowane bene ya zama saƙar gizo. Kafin ta shiga bango ana barin ta ta ɗan yi lilo ƙasa sannan ta hau, don ruwan da ya biyo ta ya ɗige a waje. Ramin ma ana huda shi da gangara zuwa waje, a toshe shi bayan an gama. Murfin gindin rediyo kuma a rufe shi ruf, in ba haka ba zanzaro ya samu ɗaki, ƙurar hunturu ta cike sauran. Ita ƙurar, saɓanin abin da ake yawan faɗa, ba ta cika hana saƙon wucewa a iska ba. Inda take ɓarna shi ne bakin waya.

Sai tsawa. Bututun ƙarfe a saman gida da waya mai saukowa har ɗaki, ai gayyata ce. Ba sai aradu ta faɗo a kanka ba, ta sauka a unguwar ma ya isa ta turo abin da zai ƙone rediyo da rawuta, wani lokaci har da talabijin. Maganin wayar ƙasa ce, wadda masu wayarin ke kira atin: a ja ta daga bututu zuwa sandar jan ƙarfe da aka kafa a ƙasa mai danshi, a kuma sa ɗan abin tare tsawa a kan wayar intanet ɗin. A nan ne aka fi yin ha'inci, domin mai gida ba ya gani, kuma rashinsa ba ya nunawa sai ranar da ya nuna. Ta wannan fuska akwatin sim ya fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba. Babu abin da ya haɗa shi da sama.

Wuta kuwa duk kanwar ja ce. Rediyo ba ya cin abin kirki, bai kai wat 10 ba, shi da rawuta ƙaramin batiri ko 'yar sola na riƙe su yini guda. Abin lura shi ne ɗan akwatin da ke tura masa wuta. Yawancin ƙananan rediyoyin nan bolt 24 suke ci, akwai kuma na'urori masu 48, kuma in aka yi musanya aka ba na 24 abincin na 48, sai dai a sayi sabo. Akwatin yana da baki biyu masu kama da juna, ɗaya na rediyo ɗaya na rawuta. A gidan kawuna Injiniya ya naɗa jan tef a ɗaya, ya kira uwargida ta bayan labule ya ce, "Hajiya, in an cire don shara, mai ja a bakin mai ja." Wannan ɗan tef ɗin ya hana shi tafiya biyar.

Akwai kuma abin da ba a rubuta a takardar kowace na'ura ba. A Fagge, sallama da maƙwabta. A Sabon Gari, mai gida ko wakilinsa: a nemi izini tun kafin a huda, a san wa ke riƙe da makullin saman bene, domin ranar da faifai ya goce ba ka son a ce mai makullin ya tafi gida Kirsimeti sai Janairu. Saman benen da kowa ke hawa shanya kuma, faifai yana iya zama abin rataye tawul, ko ya yi ƙafa. Shi kansa mai hawan, a duba masa wayoyin wuta da ke ratsa lunguna kafin ya ɗaga bututu mai mita shida, kuma kada a bar shi ya hau in hadari ya haɗo, komai gaggawar mai gida. Masu kafa dogon ƙarfe sosai su tuna filin jirgin Malam Aminu Kano a nan kusa yake, kuma hukumar kula da sufurin jiragen sama tana da ta cewa a kan tsayi.

Kada kuma a ɗora wa rediyo laifin rawuta. Aikinsa ya kawo intanet bakin ƙofa. Rabawa cikin gida aikin rawuta ne, kuma in an tura ta bayan talabijin a ɗakin maigida, ɗakin amarya da ke bayan bango biyu na ƙasa ba zai ga komai ba. A ɗaga ta sama a tsakiyar gida. A kuma canza kalmar sirri lokaci-lokaci, domin samarin majalisar ƙofar gida ba sa rasa ta.

Duk da haka, faifan da aka saita da kyau bai wuce bututu ba, ruwan na wani ne. In kamfanin da ke bayansa ya sayi kaɗan ya sayar wa da yawa, ko batirin eriyarsa ba ya kai dare, -59 ɗinka ba za ta cece ka ba. Ƙananan masu wannan sana'a suna tashi suna faɗuwa, kuma wanda ya faɗi yakan bar ka da bututu a kai. Sayar da intanet sai da lasisin NCC, ba laifi ba ne ka tambaya. Ka kuma tambayi maƙwabcin da ke kansu yadda suke ɗaga waya ranar Lahadi. Manyan kamfanonin sim ba sa zuwa gidanka in abu ya lalace, amma ba sa ɓacewa dare ɗaya. Wani lokaci kuma matsalar ta fi ƙarfin kowa: ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, mai faifai da mai akwati tare suka yi tagumi.

Na san za a ce ai yanzu ga Starlink, wadda ta fara aiki a Nijeriya a watan Janairun 2023, kafin kowace ƙasa a Afirka. Ita sama take kallo, bene ba ya tare ta sai in ya rufe mata sararin. Sai dai kuɗin kayanta da na wata ba na kowa ba ne, wutar da take ci ta ninka ta rediyo sau da yawa, kuma ita ma sai an hau rufin, an kafa, an ja waya, an yi sallama da maƙwabta. Inda wayar faiba ta iso ƙofar gida kuwa, muhawarar ta ƙare, ita ce gaba, muddin masu haƙar kwalbati sun bar ta.

Tsakanin biyun da muka ɗauko, ga inda na tsaya. Ɗan haya mai ɗaki ɗaya, da ɗalibi, da wanda aikinsa na dare ne ko na yawo, ya riƙe akwatinsa, hawa rufi asara ce a gare shi. Amma gida mai jama'a, ko shago da ofishin da cinikinsu ke tsayawa in intanet ya tsaya da tsakar rana, a tsakiyar kasuwannin nan, rediyo ya fi, da sharaɗin an ɗora shi irin ɗorin gidan kawuna. Wanda aka ɗora irin nawa, akwatin sim ya fi shi sau goma, domin shi aƙalla bai huda maka bango ba. Na kawuna ya ga damina uku bai goce ba. Nawa na sa an sauke shi, bututun yana nan a bayan ƙofa ana tokare taga da shi.

In ka yanke shawarar ɗorawa, kada ka cika kuɗin aiki sai ka ga abu uku da idonka: lambar da faifan ya kama, a ɗauke ta hoto a ajiye don ranar gardama, guntun wayar da aka sa, ka kankare da kanka, da inda wayar ƙasa ta shiga ƙasa. Sannan ka karɓi lambar wayar wanda ya hau, ba ta ofishinsu kaɗai ba.